Lambar Makaranta Ba Ta Darakta Ba Ce: Magana Kan Wayar Tebur Ta Intanet A Magarya Da Dungas

A mafi yawan makarantunmu na gundumomin Magarya da Dungas, idan ka tambayi lambar wayar makaranta, lambar darakta za a ba ka. Layinsa ne na kansa, da katin shaidarsa aka yi masa rajista, da shi yake kiran iyalinsa, da shi kuma ofishin sufeto ke nemansa. Ranar da takardar canjin wurin aiki ta fito, ya ɗaure kayansa ya tashi daga Yekuwa zuwa Waca, ko daga Guci ya koma Damagaram, lambar ta bi shi a aljihu. Uban yaro da ke ci-rani a Kano ko Agadas ko Libiya ya kira don ya ji ko ɗansa yana zuwa aji, sai a ce masa "ai ni na bar can tun bara." Shi ke nan zance ya yanke, sai ranar da ya dawo gida da damina.

Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Magarya mutum fiye da dubu 570, ta ba Dungas, wadda aka yanke daga jikinta a 2011, fiye da dubu 350, kuma kowa ya san yadda jama'a ta ƙaru tun daga wancan lokaci. Yanki ne mai cunkoso, mai yawan makarantu, mai yawan iyayen da ba sa gida rabin shekara. A irin wannan wuri, rashin tsayayyar lamba ta makaranta ba ƙaramar asara ba ce.

Yanzu da aka fara maganar zaren intanet na ƙarƙashin ƙasa da ya biyo hanyar Damagaram zuwa Magarya har iyakar Tinkim, cikin aikin da Bankin Raya Afirka ya sa wa kuɗi, ga kuma Starlink da ya fara aiki a Nijar a 2025, masu sayar da kaya sun soma zagaya ofisoshi da wata sabuwar haja: wayar tebur mai aiki da intanet. Ina goyon bayanta a wasu wurare, ina adawa da ita a wasu. Amma a ko'ina, sharaɗina ɗaya ne: lambar, da asusun, da kalmar sirrin da aka saita wayar da su, su zama mallakar makaranta, a rubuce, a hannun mutum fiye da ɗaya. Idan ba haka ba, mun cire lambar daga aljihun darakta ne kawai mun zuba ta a aljihun ɗan kwangila.

Bari in fara da bayanin abin, don iyaye da yawa da ma malamai ba su taɓa ganinsa ba.

Waɗanda suka girma a zamanin Sonitel sun san tarhon tebur mai zaren tagulla, wanda lambobinsa a Damagaram ke farawa da 20 51. Babban ofishi a lokacin yakan sami akwatin haɗa kira a cikin gininsa, abin da ma'aikatan da suke kira standar, da mutum zaune a gabansa yana tura kira ofis-ofis. Sonitel ɗin ta haɗe da SahelCom a 2016 suka zama Niger Telecoms, salula kuwa ta riga ta cinye kasuwa. Wayar tebur ta intanet a ido kamar waccan tsohuwar take, ga marikin kunne, ga madannai, ga ɗan allo. A cikinta kuwa ƙaramar kwamfuta ce. Da igiyar intanet ake jona ta a jikin ruta, wasu ma da wifi suke aiki. Tana yayyanka muryarka gutsi-gutsi, galibi gutsure 50 a kowane sakan, ta tura su ta intanet, a ɗaya ɓangaren a harhaɗa su su koma magana. Akwatin haɗa kiran kuma ba ya gininka. Yana zaune a sabar wani kamfani, wataƙila a Yamai, wataƙila a Faransa, kai kuwa haya kake biya wata-wata. Kamfanonin da suka fi ƙera wayoyin su ne irin su Yealink da Grandstream da Fanvil da Cisco, kuma kusan dukkansu da yare ɗaya suke magana da saba, wanda ake kira SIP, da aka daidaita ƙa'idarsa ta yanzu a 2002.

Amfanin a fili yake. Ofishin sufeto zai iya samun lamba ɗaya da kowa ya sani, a ƙarƙashinta kuma ga ƙananan lambobin ciki: 101 sufeto, 102 sakatariya, 103 masu ba da shawara kan koyarwa. Kira tsakanin waɗannan lambobi ba ya cin kuɗin kira, ko da ɗaya wayar tana Bande ɗaya tana Mallawa. Idan ba a ɗauka ba, kiran ya wuce zuwa salular mai jiran aiki. Kuma akwai rajistar kira: wa ya kira, yaushe, an ɗauka ko ba a ɗauka ba. Duk malamin da ya taɓa shan tuhumar "mun neme ka ba mu same ka ba" ya san darajar wannan rajista.

To, saitin fa? Nan ne ake tsorata mutane, kuma nan ne nake son mu daɗe.

A gaskiya abu huɗu waya take buƙata kafin ta fara aiki: adireshin sabar, lambar cikin da aka ba ta, sunan shiga, da kalmar sirri. Ka jona ta, ka duba adireshin da ruta ta ba ta a ɗan allonta, ka rubuta shi a kwamfutar da ke kan layi ɗaya da ita, shafin saiti ya buɗe, ka cike gurabe huɗun nan. Daga nan wayar za ta aika wa saba saƙon rajista. Mu malamai mun san wannan da kyau, kiran suna ne na safe: wayar tana cewa "ga ni nan, a wannan adireshi nake," sabar ta rubuta ta cikin waɗanda suka hallara. Bayan wani lokaci sai ta sake faɗa. Wayoyi da yawa daga kamfani suna zuwa da tazarar awa ɗaya, sakan 3600. A intanet ɗin salula irin namu, inda adireshi ke canjawa ba sanarwa, awa ɗaya ta yi yawa. Waya za ta iya kiran wasu amma ita ba a samunta, don sabar tana nemanta a tsohon gida. Maganin shi ne a rage tazarar zuwa minti ɗaya ko biyu. Ɗalibin makarantar horar da malamai da ya iya cike takardar jarabawa a intanet zai iya wannan a zama ɗaya.

Sai dai kamfanoni ba su cika bin wannan hanya ta hannu ba. Sun fi son saiti daga nesa. Kowace waya tana da lambar haihuwarta mai haruffa da alƙaluma 12 a manne a bayanta, wadda ake kira MAC. Kamfanin haya yakan yi rajistar wannan lamba a wurin maƙeran wayar, ta yadda da zarar an jona ta za ta tambayi maƙera "ina zan je?", su nuna mata sabar kamfanin, ta sauko da saitinta da kanta. Abin sha'awa ne, don waya hamsin za su tashi ba wanda ya taɓa madanni. Amma ku lura da ɗaya fuskar: ko ka goge wayar ka mayar da ita yadda ta fito daga kwali, can za ta sake komawa. Idan kun ɓata da kamfanin, ko ya rufe, ko aikin tallafin da ke biyan haya ya ƙare, wayar da kuka saya da kuɗinku tana nan ɗaure da igiyar wani har sai shi ya sake ta. Wannan ne ya sa nake jan kunnen masu son araha da wayoyin gwanjo da ake samu a kasuwannin Kano. Wata tana ɗaure da wani kamfani a Amurka ko Ingila da ba ka san sunansa ba. Wasu wayoyin Cisco kuma manhajar cikinsu ba ta aiki sai da akwatin haɗa kira na Cisco ɗin kansa, sai an canja manhajar tukuna. Kafin a biya kuɗi, a jona a gwada, a goge a sake gwadawa.

Na san wani ofishi, ba zan ambaci sunansa ba, inda wayoyi shida ke zaune a kan tebura an lulluɓe su da ƙyalle saboda ƙura. Lafiyarsu lau. Wani matashi ne aka turo ya saita su cikin yini ɗaya, ya sa kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani, aka sha lemo aka ɗauki hoto, ya hau mota. Bayan wata takwas aka canja ruta, wayoyin suka daina rajista. Aka nemi matashin, ya bar aikin. Aka nemi takardar yarjejeniya, asusun da sunansa da adireshin imel ɗinsa aka buɗe. Gyaran da ake buƙata bai fi na minti goma ba, amma ba mai makullin shiga. Yau shekara ta biyu ke nan, shugaban wurin da salularsa yake aiki kamar da.

Akwai wata cuta da kusan duk wanda ya kafa irin wannan waya yake haɗuwa da ita: waya ta yi ƙara, ka ɗauka, kana jin mai kira shi ba ya jin ka, ko akasin haka. Mutane sai su ce wayar jabu ce. Ba haka ba ne. Saƙon "ana kiranka" da muryar kanta ba hanya ɗaya suke bi ba. Saƙon yana shiga ta ƙofa mai lamba 5060, muryar kuma ta wasu ƙofofi daban. Kamar manzo ne ya riga ya iso ya yi sallama an amsa, amma amalanken da ke ɗauke da kayan ya tarar da ƙofar gari a rufe. Sau da yawa mai laifin wani saiti ne a cikin ruta da ake kira SIP ALG, wanda aka yi don ya taimaka amma ya fi ɓata lamari. A kashe shi, a kunna ɗan saƙon da waya ke aikawa a kai a kai don ƙofa ta zauna a buɗe, galibi magana ta daidaita. Wanda bai san wannan ba, sai ya ɗauko ma'aikaci daga Damagaram, tafiyar kusan kilomita 90, a biya masa mai da abinci saboda danna abu ɗaya.

Sai batun cin data, wanda shi ne tambayar farko da ma'ajin kowace makaranta zai yi. Ya danganta da salon matse murya da aka zaɓa. Salon G.711 yana ba da murya tas, amma yana cin kilobit 64 a sakan, idan aka haɗa da kayan rakiya ya haura 80. Kira na minti ɗaya, zuwa da dawowa, ya ɗan wuce megabait ɗaya. Salon G.729 yana matse muryar zuwa kilobit 8, da rakiya kusan 30, wato ƙasa da rabin megabait a minti. A inda intanet ke da ƙarfi a bar na farko, a inda yake jan ƙafa a sa na biyu a gaba. Ko ta wane hali murya ba ta cin data sosai. Abin da ke kashe ta shi ne cunkoso: sakatare yana sauke bidiyo, ɗalibai ashirin sun sami lambar wifi, sai magana ta fara tsinkewa. Ruta mai kyau tana da wurin da ake ce mata ta ba murya hanya kafin komai. A saita shi tun ranar farko.

A gyara agogon wayar ma, a sa shi kan lokacin Nijar, awa ɗaya gaba da na Girinwic, in ba haka ba rajistar kiran da muke yabo za ta riƙa ba da shaidar ƙarya.

Maganar kalmar sirri kuwa ta wuce wasa. Wayoyi da yawa suna fitowa da kalmar shiga ta kamfani wadda duk duniya ta sani. Akwai ɓarayin da aikinsu ke nan dare da rana, na'urorinsu suna ƙwanƙwasa ƙofar 5060 a faɗin intanet suna gwada 1234 da 0000. Idan suka dace, sai su yi ta kiran lambobi masu tsada na ƙasashen waje da asusunka daga daren Juma'a zuwa safiyar Litinin, su raba riba da masu lambobin, takardar bashi kuwa ta zo da sunan makaranta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A canja kalmar kamfani, a sa doguwa, a rufe kiran ƙasashen waje gaba ɗaya in ban da Najeriya ga wanda aikinsa ya buƙata, a kuma zaɓi tsarin biya kafin amfani, don ko an yi sata ta tsaya a kan abin da aka zuba.

Duk wannan saiti ne na cikin wayar, kuma kun ga ba sihiri a ciki. Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne abin da wayar ke tsaye a kansa.

Tsohon tarhon tagulla daga gidan waya yake samun wutarsa, ko an ɗauke kuran yana aiki. Wannan ba haka take ba. Ita kanta ba ta da ci, wat kaɗan ne, har ana iya ba ta wuta ta cikin igiyar intanet ɗin. Amma ruta ma tana son wuta, farantin Starlink na gida kuwa yana shan tsakanin wat 50 zuwa 100. Mu a nan ba sai an ba mu labarin kuran ba. Layin da ke ciyar da yankin Maradi da Damagaram daga Katsina yake shigowa, kuma mun ga abin da ya faru daga Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, lokacin da Najeriya ta yanke wuta saboda takunkumin CEDEAO, ba a maido ta ba sai Maris 2024. Galibin makarantun ƙauye ma ba su taɓa ganin turken NIGELEC ba. Saboda haka duk lissafin da ba a sa farantin sola da batir a ciki ba, lissafin dokin rano ne. Batir kuma yana da ajali, zafin Afrilu yana gaggauta shi, sai an tanadi kuɗin canjinsa.

Intanet ɗin ma yana da nasa ranakun. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga matsala, har da Nijar da ba ta da teku. A Fabrairun 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an rufe intanet ɗin salula na kusan kwana goma. A irin waɗannan ranaku kiran salula na cikin gida yana tafiya, wayar da sabarta ke ƙetare kuwa ta zama ado. Ku yi tunani: sufeto a Dungas yana son magana da darakta a Dogo-Dogo, amma galibi sai muryarsa ta je Faransa ta dawo. Ko a ranar da komai ke lafiya, nisa yana da farashi. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin murya ya wuce milisakan 150 a tafiya ɗaya, idan ya zarce sosai, sai mutane su riƙa cin karo da juna a magana, kowa na cewa "ina ji, ci gaba." Tsoffin taurarin ɗan'adam da ke nisan kusan kilomita 36,000 su kaɗai suna cin rubu'in sakan. Na Starlink suna kusa, wajen kilomita 550, shi ya sa magana ta fi daɗi a kansu.

Ra'ayina a nan shi ne sabar ta zauna a cikin ƙasa. Idan kamfanin gida zai iya ba da hayar, a fifita shi. Idan kuma babbar makaranta ce mai ofisoshi da yawa a harabar guda, irin makarantar horar da malamai ko babbar sakandare, akwai manhajar Asterisk, kyauta ce tun 1999, tana gudana a kan ƙaramar kwamfuta. Da ita kiran cikin gida zai ci gaba ko intanet ya yanke. Akwai kuma dalili na biyu. Waɗannan tsare-tsare suna iya naɗar murya, suna ajiye lambobin iyaye. Hirar darakta da uwa game da yarinyar da ake shirin cirewa daga aji a yi mata aure ba abin da za a ajiye a inda ba mu san masu gadinsa ba ne. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. Ni dai shawarata a kashe naɗar murya baki ɗaya a wayoyin makaranta.

Sannan wace lamba iyaye za su kira? Wannan tambaya ce da masu talla ke saurin tsallakewa. Lambobin ciki irin su 101 tsakaninku ne kawai. Don uwa a Sassumburum ta same ku daga ƙaramar salularta ta Airtel ko Moov ko Zamani, dole tsarin ya kasance da lamba ta Nijar mai alƙaluma 8 a ƙarƙashin +227, kuma irin wannan lamba daga kamfanin da ARCEP ta ba lasisi take fitowa. Kamfanin ƙetare zai iya ba ka lambar Faransa ko ta Amurka cikin minti biyar, amma wace uwa ce za ta ƙona kiredinta a kiran ƙasar waje don ta ce yaro ba shi da lafiya yau? A kuma gwada 17 da 18, lambobin ƴan sanda da ƴan kwana-kwana, a gaban mai sayarwa. Sabar da ke wata ƙasa ba lalle ta san inda za ta kai su ba. Bayan gobarar azuzuwan zana da ta ci yara a Yamai cikin Afrilun 2021, da ta Maradi cikin Nuwamban shekarar, ba wanda zai ce wannan gwaji ɓata lokaci ne.

Na san abin da abokan aikina da yawa za su ce: ina ruwanmu da wannan wahala, ga WhatsApp, ga tsarin fulot da kamfanonin salula ke yi wa ma'aikatu, a biya kuɗi kaɗan a wata a yi ta kira tsakani? Suna da gaskiya babba. Rukunin WhatsApp na daraktoci ya fi kowace takardar zagaye sauri, kuma saƙon murya ya buɗe wa iyayen da ba su yi boko ba ƙofa. Amma WhatsApp a kan layin mutum yake zaune, ranar da ya tashi, da shi da tarihin hirar duk sun tafi. Ga kuma nauyin da ya ɗora wa malamai, musamman mata, waɗanda lambarsu ta kansu ta zama ta kowa, ana kiransu da sha ɗayan dare. Wayar ofis tana da lokacin buɗewa da na rufewa. Wasu kuma za su ce, yaran da ke zaune a ƙasa cikin rumfar zana, ba allo ba littafi, waya ce damuwarsu? Wannan ma gaskiya ce, kuma ita ce ta sa ba na goyon bayan a kai wayar intanet makarantun ƙauye.

Makarantar firamare mai aji uku a bayan Kwaya ba ta buƙatar saba ko ruta. Abin da take buƙata layin salula ne guda, wanda aka yi wa rajista da sunan makaranta, a sa shi cikin wayar tebur mai cin katin SIM ko ma ƙaramar salula mai madannai, da ɗan farantin sola na caji. A kusa da iyaka a kashe zaɓen rezo na kai-tsaye, don kada wayar ta riƙa kama na Najeriya tana cinye kiredi, abin da duk mazaunin wannan yanki mai ɗauke da layi biyu ya sani. Wannan wayar ta shiga cikin kayan makaranta da ake ƙirgawa ranar miƙa aiki, tare da tebura da rajistar ɗalibai. Kwamitin kula da makaranta, wanda muka fi sani da COGES, shi ya dace ya riƙe takardun layin. Tsarin kwamitocin nan ya kafu a ƙasar nan tun aikin Makaranta Don Kowa da JICA ta fara tallafawa a Tawa a 2004, kuma sun saba riƙe abin da ya fi wannan nauyi.

Wayar intanet kuwa wurinta ofisoshin sufeto, hukumomin ilimi na gunduma, manyan sakandare da makarantun horar da malamai, inda akwai ofis fiye da uku, akwai wuta ko sola mai ƙarfi, akwai kuma wanda ke zaune a wurin kullum. A can ma kada a yar da salula; a saita tsarin yadda idan wayar tebur ta ɓace daga rajista, kira zai faɗa kan layin ofis na salula da kansa.

Mu masu horar da malamai muna da namu aiki a ciki. Muna koya wa ɗalibanmu rubutu da lissafi a kwamfuta, amma ba ma nuna musu bayan ruta. Darasi biyu ko uku sun isa: ga waya ɗaya, ga ruta, ga asusun gwaji, kowane ɗalibi ya goge wayar ya sake saita ta da hannunsa, ya jawo matsalar jin ɓangare ɗaya da gangan ya warware ta. Cikin waɗannan ɗalibai ne daraktoci da masu ba da shawara na gobe za su fito. Idan kowace gunduma tana da malamai goma da suka taɓa yin wannan, ba za a sake lulluɓe waya mai lafiya da ƙyalle ba.

Ku kuma iyaye, a babban taron COGES ko na ƙungiyar iyayen yara, duk ranar da aka kawo maganar sayen irin wannan waya, ko wata ƙungiya ta ce za ta ba da ita kyauta, kuna da haƙƙin tambaya kafin a tafa. Da sunan wa aka buɗe asusun, kuma da imel ɗin wa? Wa zai biya haya bayan shekarar farko, nawa ne a wata? Lambar da za mu kira ta Nijar ce? Idan muka bar wannan kamfani, zai saki wayoyin, kuma lambar za ta bi mu? A nemi amsoshin a rubuce cikin yarjejeniya. Ranar kafawa kuma kada ma'aikacin ya tafi sai ya zauna da mutum biyu na wurin, sun shiga shafin saiti da hannunsu, sun canja kalmar sirri a gabansa. A rubuta adireshin saba, da lambobin ciki, da lambar MAC ta kowace waya, da sabuwar kalmar sirri a takarda biyu. Ɗaya ta shiga ambulan a kulle a ofishin shugaba, ɗaya a hannun shugaban kwamiti, a kuma ƙara layi ɗaya a takardar miƙa aiki da ke cewa an karɓi ambulan ɗin, an buɗe, an gwada, an sake rufewa.